Ruwan Alwalar Asuba: Wasiƙa Ga Wanda Zuciyarsa Ta Gaji



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan uwa, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ina roƙonka ka daure ka kai ƙarshensa. Domin mutum ɗaya na rubuta shi, wato wanda yake kwana ido biyu, idan gari ya waye kuma ya rasa dalilin da zai tashe shi daga shimfiɗa. In kai ne, to da kai nake. In ba kai ba ne, ka waiwaya sahun da kake salla, wataƙila akwai gurbin da ya daɗe babu mai shi, kuma har yau ba wanda ya tambayi inda ya shiga.

Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Karatuna bai wuce Ahalari da Ishmawi da na yi a zaure ina yaro ba, sai ɗan abin da nake tsinta a majalisin tafsiri. Abin da zan gaya maka a kaina ya faru, kuma ban fara faɗinsa a fili ba sai yau.

Sana'ata ita ce sayen wake da aya a kasuwannin ƙauyukan Maraɗi, in tara, in ɗora a mota zuwa kasuwar Dawanau ta Kano. Shekaru na yi a kan haka, Allah ya rufa mini asiri, har na zama cikin waɗanda ake sallama da su idan za a gyara rufin masallaci ko a sayi tabarmi.

A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na Najeriya. Kowa a Maraɗi ya ji a jikinsa, domin garinmu da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya yake numfashi. Da kaka ta zo sai na ga wake a ƙasa, masu saye sun ja da baya. Masu hankali suka dakata. Ni kuwa na ce wannan rufewa ba za ta wuce wata biyu ko uku ba, wanda ya tara yau shi zai yi dariya gobe. Na zuba jarina gaba ɗaya, na karɓi kuɗin mutum uku na ƙara, na cika magaza. Don in rage kashe kuɗi, ban sayi buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke hana ƙwari numfashi ba, na zuba a buhu na gama-gari. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wata ya bi wata iyaka tana rufe. Ranar da na kwance bakin buhu na tura hannu, gari na damƙo, ƙwari suna bin yatsuna. Na buɗe na biyu, na buɗe na goma, labarin ɗaya ne.

Abin da ya saura masu kiwo na sayar wa a wulakance. Na sayar da babur, na sayar da filin da nake tanadi domin yara, duk da haka bashi bai ƙare ba. Ban ɗora laifin a kan kowa ba, domin ni na yi lissafin, ni kuma na yi rowar buhu.

Ka san abin da ya fi asarar ciwo? Biyu daga cikin masu bina bashi a masallacinmu suke salla, ɗayansu ma a sahun farko, bayan liman. Ba wanda ya taɓa tare ni da magana mara daɗi, amma ni na kasa ɗaga kai. Na fara da barin jam'in asuba, na ce sanyi ne. Sannan na bar magariba da isha'i, na ce a gida ma salla ce. Daga baya a gidan ma sai rana ta fito nake yin asuba, wani lokaci in haɗa azahar da la'asar ba da wani uzuri ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shaiɗan bai taɓa ce mini in bar salla ba, tambaya ɗaya ya riƙa maimaita mini: mene ne amfaninka?

Na rasa amsa. Mai ɗakina ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida, da waken da take saye tiya-tiya a hannun wasu, ni da na saba cika mota da shi ina kwance a ɗaki ina jin ƙamshin mai. Yara suka koyi tafiya da sanɗa idan za su wuce ƙofata. Masu zuwa jaje sukan ce mini komai nisan dare gari zai waye. Na san gaskiya suke faɗa, amma maganar tana tsayawa a kunne, ba ta sauka zuciya. A watan Disamba na 2020 na ji a rediyo an fara buɗe iyakoki. Shekara guda da watanni nake jiran wannan labari, da ya zo ban ji komai ba, ko murna ko baƙin ciki. Wannan rashin ji shi ya fi ba ni tsoro. Ban taɓa yunƙurin cutar da kaina ba, amma na sha kwanciya ina fatan kada in farka.

Cikin wannan hunturu ne ladanin masallacinmu ya yi sallama da ni bayan isha'i. Tsoho ne, sa'an mahaifina, tun ina yaro da muryarsa nake tashi. Na fito ina shirin jin wa'azi, na ma tanadi amsoshina. Ya zauna a kan dakali ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce:

"Ɗana, ba wa'azi na zo yi maka ba, kuma liman bai aiko ni ba. Taimako na zo nema. Yaron da ke cika mana randunan masallaci ya tafi ci-rani, ni kuma bayana ya ƙi. Ga sanyi ya kankama. Akwai tsofaffi shida da ke riga kowa zuwa asuba, ruwan randa kuwa kamar ƙanƙara yake. Na duba unguwar nan kaf, kowa yana da inda zai je da safe, kai kaɗai ne ba ka da shi."

Maganar ƙarshen ta sosa mini rai, amma gaskiya ce. Na ce, "Baba, a nemi wani. Ni yanzu ba na iya haɗa ido da mutane."

Ya ce, "Ƙarfe huɗu na dare wa za ka haɗa ido da shi? Ni da nake gabanka ma da ƙyar nake ganinka."

Kunyar tsoho ce ta sa na amsa, ba himma ba. Washegari na tashi cikin duhu, na ɗauki jarka biyu na nufi famfon unguwa. Sawu uku na yi kafin randuna su cika. Na haɗa kara da ɗan itace a bayan masallaci, na ɗora babbar tukunya, da ruwan ya yi zafi na sirka na zuba a butoci na jera. Kafin Baba Ladan ya yi kiran farko na sulale na koma gida. Haka na yi kwana da kwanaki, kamar ɓarawo. Kada ka zaci na ji wani haske ya sauko mini. Hannuna ya tsage, kafaɗata ta yi tsami, zuciyata kuwa tana nan yadda take. Abu ɗaya ne ya canza, na fara yin barci, domin jikin da ya ɗauki ruwa ba ya gardama da barci.

Wata asuba itacen ya ƙi kamawa, na makara, tsofaffin suka fara isowa ina bayan bango. Akwai wani makaho a cikinsu da jikansa ke jawowa. Na ji ya ɗauki buta ya zuba a hannunsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wanda duk yake ɗumama mana ruwan nan, Allah ya ɗumama masa kabarinsa da rahama, Allah ya yaye masa abin da ya dame shi." Sauran suka ce amin. Bai san ni ba ne, bai san ina ji ba. Na durƙusa a gaban murhu hawaye suna zuba, na bar hayaƙi ya ɗauki laifin.

Bayan kamar mako biyu, wata rana nauyin zuciya ya dawo mini da ƙarfi. Na farka a kan lokaci, na dubi duhu, na ja bargo na ce duniya ba za ta tashi ba don ban kai ruwa ba. Da hantsi Baba Ladan ya zo. Bai yi faɗa ba. Ya ce uku daga cikin tsofaffin sun yi taimama saboda tsoron ciwo, ɗaya kuma ya daure ya yi alwala da ruwan sanyi, ga shi can yana tari. Sannan ya ce, "Mun jira ka."

Ya ɗan uwa, wata goma sha biyu na yi ina tambayar kaina mene ne amfanina, kuma babu tunanin da ya ba ni amsa. Wannan ƴar gajeriyar magana ita ta ba ni. Akwai wurin da idan ban je ba za a ga gurbina. Akwai tsohon da tarinsa yake da alaƙa da barcina. Daga ranar ban sake fashi ba, kuma na daina guduwa. Da farko a sahun ƙarshe nake tsayawa, kusa da takalma.

Sai daga baya, ina zaune gaban tukunya ina jiran ruwa ya yi zafi, karatun yarinta ya fara dawo mini. A littattafan fiƙihu da muka fara da su, babin tsarki yana gaba da babin salla. Salla ba ta inganta sai da tsarki, tsarki kuma asalinsa ruwa. Mun haddace rabe-raben ruwa, wanda ake alwala da shi da wanda ba a yi, amma ban taɓa tambayar wa yake ɗebo shi ba. Shekara da shekaru ina ɗaukar buta a cike, ina ganin haka take tun asali. Ashe a ƙarƙashin kowace sallar jam'i akwai kafaɗar wani.

Na kuma lura da wani abu a cikin ƙissoshin da muke ji kullum ba mu tsaya a kansu ba. Lokacin da wahayi ya ɗan yanke wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, har mushirikai suka riƙa cewa Ubangijinsa ya rabu da shi, Suratud Duha ta sauka tana lallashinsa. Ka karanta ta yau ka duba inda ta ƙare. Bayan lallashi da tunatar da ni'imomi, da aiki aka rufe ta: haƙƙin maraya, haƙƙin mai roƙo, da bayyana ni'imar Allah. Surar da ke biye da ita, wadda ta yi bushara da sauƙi tare da tsanani, ita ma da umarnin a tashi a ƙara himma ta ƙare.

Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai zarge shi da raunin imani ba. A cikin wannan hali ne ya hana ƴaƴansa yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma ya haɗa hanin da umarni, cewa su tashi su je su nemo labarin Yusufu da ɗan uwansa. Nana Hajara, a kwarin da babu shuka babu ruwa, ta yi kai da komo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa. Ruwan bai fito a kan Safa ba, bai fito a kan Marwa ba, kusa da jaririn ya ɓuɓɓugo. Duk da haka Allah bai bar gudunta ya tafi banza ba, ya mayar da shi ibadar da duk mai aikin hajji ko umara yake maimaitawa. Nana Maryamu kuwa, cikin zafin naƙuda, har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, sai aka umarce ta da ta girgiza kututturen dabino. Mace mai naƙuda ina ita ina girgiza dabino? Amma da wannan ɗan motsi aka haɗa saukowar abincinta.

Abin da na fahimta ke nan, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Mun saba zaton sai zuciya ta warke sannan jiki zai tashi aiki, shi ya sa muke kwance muna jiran ranar da za mu ji daɗi. Ni dai a kaina, jiki ne ya fara tashi, zuciya ta biyo baya a hankali, tana ɗingishi. Ma'anar rayuwata ban same ta ta hanyar tunani a ɗaki ba, a bakin randa na tarar da ita, a cikin wani ɗan aiki da wani bawan Allah yake jira daga gare ni. An ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Nawa ran ruwan alwalar wasu ne ya jiƙa shi.

Kada kuma ka raina ƙanƙantar aikin. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wata baiwar Allah da ke sharar masallacin Annabi. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ga lamarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya daina ganinta ya tambaya, ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a gaya masa ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mai shara ce, amma shugaban halitta ya ga gurbinta. Haka nan sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Saura labarin bashi, domin na san wani zai tambaya. Wata asuba na ɗago daga zuba ruwa sai ga mutumin nan na sahun farko tsaye a gabana yana jiran buta. Babu wurin gudu. Na miƙa masa, ya karɓa, ya ce, "Ashe kai ne." Bayan salla na bi shi na ce, "Alhaji, na yi maka laifi biyu, na riƙe kuɗinka, na kuma ɓoye maka fuskata." Ya ce na biyun ya fi yi masa zafi, domin ya zaci na raina shi ne. A gaban liman da shaidu biyu muka rubuta abin da ya rage da yadda zan riƙa biya. Ranar ce liman ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ayoyi biyu kafin ita an umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci. Bai yafe mini ko dala ba, ni ma ban roƙa ba. Amma tun daga ranar bashin ya zama lissafi a takarda, ya daina zama dutse a ƙirjina. Sauran biyun ma haka na same su ɗaya bayan ɗaya.

To ya ɗan uwa da ke cikin irin halin da na shiga, ga abin da nake roƙonka. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da ba ka jin daɗinta, domin an wajabta mana tsayuwa ne, daɗin kuwa kyauta ce da Allah ke bayarwa lokacin da ya so. Ka nemi aiki ɗaya ƙarami wanda wani zai jira ka a kansa: sharar masallaci, jan makaho zuwa jam'i, raka yaran maƙwabci makarantar allo, kai wa tsohuwar da ba ta da kowa ruwa, ko bin masu haƙar kabari, wanda farilla ce da wasu ke ɗauke wa al'umma. Ka zaɓi mai lokaci tsayayye, ka kuma faɗa wa wani ka ɗauka, don ya zama akwai mai cewa an jira ka. Wanda kake gudu saboda kunya, ka je ka same shi, sau da yawa abin da kake tsoro ya fi girma a ɗakinka fiye da a zaurensa.

Ka kuma sani baƙin ciki ba zunubi ba ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalibi suka rasu, malaman tarihin Annabi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Abin da aka hana shi ne yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma a hadisin Anas an hana mutum ya yi fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi. Idan abin ya kai ka ga daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace maka makonni, ko zuciya ta fara raya maka ka cutar da kanka, kada ka kwana da wannan kai kaɗai. Ka gaya wa wanda ka amince da shi yau ɗin nan, ku tafi gidan likita tare. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, yana da magani, neman magani kuma ba ya karo da tawakkali. Ni na yi jinkirin faɗa wa kowa, kuma ba na so ka yi koyi da ni a nan.

Kai kuma da Allah ya bar ka cikin walwala, ka ɗauki darasi daga Baba Ladan. Mutane da yawa sun zo mini da nasiha, wasu da ɗan abin hannu, Allah ya saka musu. Amma kowace sadaka tana ƙara tuna mini cewa na zama abin tausayi. Shi kaɗai ne ya zo yana neman wani abu a wurina. Ka duba wanda ya ɓace daga sahunku, ka je ka ce masa kuna bukatarsa, kuma ka tabbata bukatar ta gaskiya ce.

Yau ban koma yadda nake da ba. Awo nake yi a bakin kasuwa, tiya-tiya, kuma saura mutum ɗaya ban gama biya ba. Makahon nan ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗebo ruwan wankansa. Baba Ladan ƙafa ta gaza, ba ya iya fitowa asuba, wani yaro ne ke kiran salla. Idan na gama jera butocin masallaci, nakan cika guda ɗaya da ruwan ɗumi in kai masa gida, in same shi zaune a kan buzu yana jira.

Allah ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, ya biya wa mai bashi bashinsa, ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Allah ya sa mu zama masu amfani ga bayinsa, ya karɓi ɗan abin da muke yi, ya sa mu cika da imani. Wanda ya san wani da wannan wasiƙa za ta amfana, ya isar masa da ita, in da hali kuma ya kai masa da ƙafarsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.